An Ce In Nuna Inda Mangwaron Yake

Gwaggo Laraba, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar. In ranar ta zo ban san abin yi ba, ina jin tsoron zan rasa ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rage min a duniya, ko yayana ko 'yata.

Ki yi haƙuri da rubutuna in ya karkace. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fara fito min, a ajin matan kasuwa da wata malama ta buɗe mana a zango, unguwar Hausawa. Ni 'yar Asante ce, amma katangar gidanmu da ta zango ɗaya ce, tare da 'ya'yansu na tashi, shi ya sa Hausa ta zauna a bakina. Na zaɓi filinki na jarida ne domin a danginmu babu mai karanta Hausa. Da da harshenmu na rubuta, kafin rana ta take duk Obuasi ta san wadda ta yi maganar.

A unguwarmu akwai kulob na wasan kurket mai suna Nkabom, wanda ma'aikatan ramin zinariya suka kafa tun ban zo duniya ba. Ban sani ba ko kin taɓa kallon wasan. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da katako ya yi gudu yana tara maki. In ta gangara ta wuce iyakar fili, an ba mai bugu maki huɗu. In kuwa wani ya cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita ke nan, alƙalin wasa ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya kama hanya. Ni da na tsufa a filin ban san abin da ya fi wannan da yawa ba, kuma ya ishe ki gane damuwata.

Filinmu yana da abin da sauran filaye ba su da shi. Akwai bishiyar mangwaro a cikinsa, ba a gefe ba, a ciki, ta wajen coci. An ce da can an so a sare ta, ma'aikata suka ƙi, sai aka yi mata doka tata ta kanta: duk ƙwallon da ta taɓa ganye ko reshe, maki huɗu ne, kuma ko wani ya cafe ta bayan haka, ba a kirga cafewar. A bayan gindinta nake kafa teburina tun ina budurwa, ina sayar da wake da shinkafa da miyar barkono da muke kira shito, da dokunu, tuwonmu na masara, da soyayyen kifi. Kututturen ne garkuwata. Sau ɗaya ya ci amanata. Wata Asabar ƙwallo ta ratso ganye ta faɗo tsulum cikin tukunyar wakena, miya ta fallatsar min har ido. Aka tsayar da wasa, dattawa suka hau gardama ko tukunya tana cikin bishiya ko ba ta ciki. Wani dogon saurayi ya zo da gudu yana haki ya ce, "'Yan mata, a taimaka a ba ni ƙwallona." Na ce, "Sai ka cinye abin da ka ɓata." Ya kuwa tsaya a nan ya cinye da hannu, kyaftin ɗinsu yana ta kwarara masa kira. Wannan shi ne Kwaku Gyamera, wanda ya zama mijina.

Gwaggo, in na fara ba ki labarin waɗancan shekarun takarda ba za ta isa ba. Lokacin nan ana tashi daga aiki da tsakar ranar Asabar, maza su yi wanka su sa fararen kaya waɗanda muka kwana biyu muna gogewa, unguwa duka ta kwaso kujeru. In lokacin mangwaro ne, mai bugu ya nufi bishiyar da gangan, ƙwallo ta faɗo tare da 'ya'ya biyar shida, a yi ta sowa. Yayana, Bra Yaw Amoateng, shi da Gyamera tare suke shiga rami, tare suke wasa, tare suke zama a benci ɗaya a ƙarƙashin reshen da ya fi kowanne kauri suna tsokanar juna. Gyamera yakan ce masa, "Suruki, katakon nan na bugu ne fa, ba na korar ƙuda ba." Shi kuma ya ce, "Kai da ka auri mai wake don ka riƙa ci kyauta, har kana da bakin magana?" A inuwar nan na yi goyon 'yarmu, Abenaa Pokuaa. A nan ta fara tafiya, tana dafa ƙafar benci.

Da gwiwoyin Gyamera suka gaji, sai ya koma alƙalanci. Ya sa farar riga doguwa, ya cika aljihu da tsakuwoyin kirga jifa. Ya yi shekaru a haka, ban taɓa jin wanda ya ce ya zalunce shi ba. Daga baya ciwon ƙirji irin na masu aikin rami ya kama shi, ya yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa. A daminar nan da muka binne shi, iska ta zo ta tumɓuke mangwaron. Ba na son in ce komai a kan wannan, mutane sun faɗi abin da suka faɗa.

Wasan farko bayan an gama makoki, wani ya doka ƙwallo sama ta nufi inda bishiyar take a da. Akwai ɗan wasa a wurin, ƙwallon tana saukowa daidai hannunsa. Sai ya ja da baya, ya cire hularsa, ya bar ta ta faɗi ƙasa. Alƙalin ranar ya ba da alamar maki huɗu. Babu wanda ya shirya hakan, babu wanda ya yi magana a kai bayan an tashi. Tun daga ranar abin ya zauna: ƙwallon da ta sauko a cikin bishiya maki huɗu ce, ko da yake babu bishiya. Baƙin da muke wasa da su yawanci tsofaffin abokai ne, sun san mangwaron, sun san Gyamera, su ma sukan cire hula. Bayan wani lokaci aka kawo mota ta baje filin, aka cire kututturen, ciyawa ta rufe wurin. Ni kuma na mayar da teburina bakin iyaka.

Zan gaya miki gaskiya, tun da mangwaron nan ya mutu yake ƙara girma. In namu ne ke bugu, rassansa sukan kai har kusa da titi. In baƙi ne, sai ya tsuke ya koma kamar laima. Kowa ya sani, dariya ake yi, ban taɓa ɗauka zai zama abin kuka ba.

Pokuaa ta girma ta zama malamar makaranta. Ta je Accra ta koyi alƙalancin kurket, ta dawo da takardar shaida, mace ta farko a unguwarmu. Bra Yaw ne ya fi kowa murna, shi ya yanka mata kaza. A wajenmu kin san matsayin ɗan'uwan uwa, Wofa, ya fi ƙarfin a kira shi kawu kawai. Shi ya tsaya mata bayan rasuwar ubanta. Da kaina na ɗauko rigar Gyamera daga akwati, na rage mata hannuwa, na sa mata.

To, a watan jiya wasu samari daga Sekondi suka zo wasa da mu, sabon kulob ne, babu wanda ya taɓa ganin filinmu a cikinsu. Pokuaa ce alƙali. Bra Yaw ya haura sittin, ya riga ya faɗa wa kowa bana ce shekararsa ta ƙarshe. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa cin maki hamsin a wasa ɗaya ba, abin da Gyamera ya tsokane shi a kai har ya mutu. Ranar nan ban san abin da ya shiga jikinsa ba. Duk abin da yaran suka jefo sai ya doke, yana gudu kamar ba shi ne mai shan maganin hawan jini ba. Ya kai arba'in da shida. Masu sayen abinci suka ajiye kwanuka, ni ma na bar ludayi a tukunya. Aka jefo, ya ɗaga ta sama, ta nufi wajen coci. Mutanenmu suka miƙe gaba ɗaya suna ihu, "Bishiya! Bishiya!" Bra Yaw bai ma jira ba, ya ɗaga katakonsa sama ya juya ya fuskanci inda bencinsu yake a da.

Wani yaro cikin baƙin, Ebo sunansa, bai san komai ba. Ya sheƙo da gudu, ya yi tsalle ya cafe ƙwallon, ya faɗi ya kwashi ƙasa da ƙirji bai sake ta ba. 'Yan'uwansa suka juya ga alƙali suna tambaya. Pokuaa ta ɗaga yatsa. Kuma na hagu ta ɗaga, Gwaggo, domin hular mai jifa da tsakuwoyin suna hannunta na dama.

Bra Yaw ya tako a hankali har gabanta. Ya ce, "Pokuaa, a cikin bishiya ya cafe ta."

Ta ce, "Wofa, nuna min bishiyar."

Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Cire rigar nan. Mai ita ya san inda bishiyar take." Ya fita bai waiwayo ba. Aka ƙarasa wasan haka nan, ba ta cire rigar ba. Da aka yi hutun cin abinci babu ɗan Nkabom ko ɗaya da ya zo teburina. Yaran Sekondi ne suka cinye komai. Ebo ɗin nan ya matso kusa da ni da ƙasa a haɓarsa ya ce, "Maame, wace bishiya suke ta faɗa? Ni fa na duba ban ga komai ba." Na ƙara masa kifi kawai.

Tun daga ranar gidana ya koma kamar an yi sabuwar mutuwa. Kowace Lahadi bayan coci nakan daka fufu in aika wa Bra Yaw, tun muna da ƙarfinmu. Yanzu kwanon a rufe yake dawowa, ko murfin ba a ɗaga ba. Matan coci ba su damu da kurket ba, su hannun hagu suka riƙe. Wata har ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Sista, karatun Accra ne ya koya mata nuna Wofanta da hagu, ko a gida ta samo?"

Na zaunar da Pokuaa na ce, "Ke ba ki san dokar filinmu ba ce? A ƙarƙashin bishiyar nan fa kika yi rarrafe." Ta ce, "Maame, na sani. Kafin a jefa kwabon zaɓen masu fara bugu na tambayi kyaftin ɗinmu a gaban nasu ko akwai abin da ya kamata baƙi su sani game da filin, ya ce babu. To ta yaya zan dubi yaron da ya ci ƙasa in ce masa wani itacen da ba ya gani ya riga shi? Kuma ko da dokar tamu za a bi, inda ya cafe ta reshe bai taɓa kaiwa ba." Na ce, "Ubanki ake tunawa." Ta ce, "Ni ma ai ubana ne. Kowa a kulob ɗin nan an bar shi ya yi kewarsa yadda yake so, ni kaɗai aka ba ni rigarsa aka ce in tsaya a tsakiya." Daga nan ta fashe da kuka irin wanda ko ranar jana'iza ba ta yi ba.

Maganarta ta cewa reshe bai kai wurin ba ta fita waje, ta raba kulob biyu. Bra Yaw ya rantse ya kai har ya wuce. Shugaban kulob, Opanyin Duodu, ya rasa yadda zai yi, sai ya yanke cewa ranar Asabar kowa ya hallara a fili, a kira wadda ta fi kowa daɗewa a ƙarƙashin mangwaron ta nuna iyakar rassansa. Ni ke nan. Inda Ebo ya faɗi kowa ya shaida shi, an ma kafa ɗan turke. In na nuna turken yana ciki, za a rubuta wa Bra Yaw hamsin ɗinsa, Pokuaa ta ba da haƙuri a gaban jama'a, kuma ba za ta sake alƙalanci a Nkabom ba. In na nuna yana waje, hukuncinta ya tsaya, Bra Yaw kuma ya ce shi da filin har abada, da duk wanda ya ƙaryata shi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na je filin ni kaɗai da safe, ba kowa sai awaki. Na ɗauka ƙafata za ta kai ni wurin da kanta. Na tsaya nan, na ce a'a. Na matsa can, na ce a'a. Da can daga teburina tagar coci ta biyu nake kallo, amma an faɗaɗa cocin, tagogin sun sauya. Hanyar da nake bi in shigo an gina shaguna a kanta. Na rufe ido, wallahi ina jin sanyin inuwar a wuyana, ina jin dariyar Gyamera ta hannun damana. Na buɗe, rana ce kawai da ciyawa. Ko gindin ban gane inda yake ba, balle ƙarshen reshe. Na zauna a ƙasa na yi kuka, domin na ga kamar mijin nawa ne ya fara ɓace min, ba itace ba.

Kowa ya ɗauka na sani. Bra Yaw ya turo matarsa ta ce min ya ce in tuna wanda ya goya ni lokacin da uwarmu take gona. Pokuaa ba ta roƙe ni komai ba, wannan ya fi yi min ciwo. Ta wanke rigar, ta goge, ta ninke ta ajiye a kan gadona. Na kuma ji tana waya da wata makaranta a Accra da ta daɗe tana nemanta.

Wani lokaci zuciyata takan ce in nuna turken yana ciki. Bra Yaw tsoho ne, ga ciwo, ba zai sake ganin arba'in da shida ba, ita kuwa yarinya ce, watakila wata rana ta yafe min. Wani lokaci kuma in ce, in na yi haka na ƙaryata 'yata a gaban garin da yake jiran ya ga mace ta kasa. Ko in ce ba ni da lafiya in ƙi zuwa? Ko in rufe ido in nuna duk inda hannuna ya faɗa? Ba na barci, abincin da nake dafawa ma gishiri yake yi masa yawa. Gwaggo, ina zan nuna?

Taki cikin damuwa,
Mai wake a gindin mangwaro, Obuasi

*

'Yar'uwata mai wake,

Rubutunki bai karkace ba, na karanta shi har ƙarshe ban ajiye ba. Allah ya jiƙan mijinki. Amsata a taƙaice ita ce kada ki nuna ko'ina. Ba ki sani ba, kuma duk inda kika miƙa hannu shaidar zur ce, ko da ta faɗa daidai. Kada kuma ki fake da rashin lafiya, domin za su ɗaga taron ne su jira ki, ciwon ya ƙara ruruwa.

Ni ban san kurket ba, sai da na tambayi wani dattijo da ya buga shi a makaranta. Ya ce min filaye masu itace a ciki ba sabon abu ba ne, kuma ana iya yi musu doka ta musamman, amma da sharaɗin a faɗe ta a amince kafin a jefa kwabo. Abin da ba a faɗa wa baƙo ba, ba a kama shi da shi. 'Yarki ta tambaya, aka ce mata babu komai. Saboda haka hukuncinta daidai ne, ko turken yana ciki ko yana waje, kuma Opanyin Duodu ya ɗora miki kayan da ba naki ba. Tambayar da ya kamata ya yi, kyaftin ɗinku zai yi wa: me ya hana ka magana? Ina kuma zaton na san amsar. Ba mantuwa ba ce. Abin da ake yi don kewar mamaci yana da wuyar faɗa wa baƙo da baki, kunya ake ji.

Amma kada wannan ya sa ki ɗauka yayanki rigima kawai yake yi. Ki duba inda ya juya da ya ɗaga katakonsa. Ba jama'a yake nuna wa hamsin ɗin ba, abokinsa yake nuna wa. Yana cikin wannan hali 'yar da ya yi renonta ta ce masa, a gaban baƙi, ya nuna mata bishiyar. A kunnensa cewa ta yi abokin naka ba ya nan. Gaskiya ce, amma ba a wannan lokacin ake faɗarta ba, ba kuma da wannan lafazin ba. Shi ma ya mayar mata da wadda ta fi zafi, domin cewa ya yi ba ta cancanci rigar ubanta ba. Kowannensu ya soki ɗan'uwansa da mutumin da dukansu suke kuka a kai.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki jira Asabar. Ki daina aiken kwano, ki ɗauka da kanki ki je gidan Bra Yaw. Yana iya mayar da ɗan aike, ba zai iya korar ƙanwarsa daga ƙofa ba. Kada ki yi masa maganar doka ko ta wanda ya yi daidai. Ki ba shi labarin safiyar nan kamar yadda kika ba ni, da tagar cocin, da awakin, da zaman da kika yi a ƙasa. Ki ce masa ya zo ku je tare ya nuna miki gindin, ku biyu kawai, ba mai kallo. Ina kyautata zaton shi ma zai tsaya nan ya matsa can. Ya fi masa sauƙi ya gano hakan a gabanki da ya gano a gaban kulob.

Pokuaa kuma ki gaya mata ba za ki ƙaryata ta ba, ta ji wannan daga bakinki tun yau, kafin ta amsa wa mutanen Accra. Sannan ki raba mata abu biyu. Hukuncin ba za ta janye ba, ba za ta ba da haƙuri a kansa ba, ko a fili ko a ɗaki. Hannun hagu da kalmar da ta faɗa kuwa, waɗannan nata ne, ta nemi dattijon da Wofanta yake jin nauyinsa ya raka ta gida ta roƙi gafara yadda kuke yi. Alƙali ce a fili, a gida 'ya ce, ɗaya ba ya rage ɗaya. In ta yi nata, ke ce za ki ce wa yayanki saura nasa. Ba sai ya yi dogon jawabi ba. Ya ɗauki rigar nan da hannunsa ya miƙa mata, ya wadatar.

Ki kuma ga Opanyin Duodu kafin taron, ki shaida masa abin da za ki faɗa, don kada ki ba shi kunya a bainar jama'a. Ki ba shi shawara taron ya bar maganar wasan da ya wuce ya koma kan na gaba. In suna son dokar ta ci gaba, su zaɓi wuri tare, su zagaye shi da farar ƙasa, a riƙa faɗa wa kowane baƙo dalilinsa kafin wasa. In sun fi so, su dasa sabon mangwaro a kewaye shi. Ba lallai ya zama daidai inda na da yake ba. Baƙon da aka gaya wa labarin Gyamera zai cire hula da kansa, har yaron nan Ebo, wanda shi ma ya cancanci a aika masa amsar tambayarsa.

Game da kukan da kika yi a fili, ki kwantar da hankalinki. Wadda ta rubuto min abin da mijinta ya faɗa mata ranar farko, da yadda yake tsokanar surukinsa, da gefen da dariyarsa take fitowa, ba ta manta shi ba. Wurin itace ne ya ɓace miki, don gari ya sauya.

Ba zan yi miki alkawarin komai zai gyaru kafin Asabar ba. Yayanki yana iya ɗaukar lokaci, hamsin ɗin nan ta yi masa ciwo, kuma ba za a mayar masa da ita a takarda ba. 'Yarki ma tana iya zaɓar Accra, in ta zaɓa ki sa mata albarka, tafiyar neman aiki daban take da tafiyar fushi. Abin da yake hannunki shi ne kada ɗayansu ya tashi ranar Lahadi da sanin cewa kin sayar da shi don ɗayan.

In an kira ki a tsakiyar fili, ki je da kanki a ɗage, hannuwanki a cikin zane. Ki ce musu, "Na zauna a ƙarƙashinta fiye da kowa, na neme ta ban same ta ba. Wanda ya fi ni sani ya fito." Daga nan ki yi shiru, ki bar su su dubi ciyawar.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba yayanki lafiya, ya tsare miki 'yarki duk inda take.

Gwaggo Laraba